Kashi Biyar Da Ake Cirewa Kafin A Biya: Nazarin Lamarin Wani Mai Kayan Gwari A Kasuwar Mile 12

Mutumin da sana'arsa, kafin 2020

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan asalin yankin Kura ne a jihar Kano. Ya sauka Legas yana saurayi, ya fara da dako a kasuwar Mile 12, ya zama yaron dillali, daga baya Allah Ya ba shi rumfar kansa. Zuwa 2019 shekarunsa sun haura 50, iyalinsa na zaune a Agege, yana da yara huɗu da ke aiki a ƙarƙashinsa. Alhaji ake ce masa a layinsu, haka za mu kira shi a nan.

Kasuwancinsa kashi biyu ne. Akwai cinikin rumfa, inda mata masu abinci da 'yan sari ke zuwa da asuba su biya nan take. Akwai kuma kai kaya ga manyan masu saye guda uku: otal biyu a Ikeja da wani kamfani mai dafa wa ma'aikata abinci. Waɗannan ukun su ne ƙashin bayan cinikin, don suna ɗaukar tumatir da tattasai da attaruhu da albasa kowane mako, rani da damina. Tumatir yana zuwa masa daga Kadawa da Ɗanja, albasa daga Aliero. Idan kasuwa ta yi kyau, kayan naira miliyan 1 da ya kai otal sukan bar masa ribar kimanin naira 80,000 bayan an fitar da kuɗin saye da na mota da asarar abin da ya ruɓe.

Littafi ba ya ajiyewa. Lissafi a ka yake, sai ɗan abin da yaro ya rubuta a bayan kwali. Asusunsa na banki ɗaya ne, da sunansa, kuma a ciki kuɗin kaya da na adashi da na makarantar yara da saƙon da 'yan uwa ke bayarwa a kai gida duk suke haɗuwa. Harajin da ya sani shi ne wanda ake miƙawa hannu da hannu: tikitin kasuwa, kuɗin shara, kuɗin ƙungiya, da abin da direbobi ke kashewa a hanya. Bai taɓa shiga ofishin haraji ba.

2020: ƙarin VAT, sai kuma kulle

A ranar 13 ga Janairu 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Kuɗi ta 2019. Daga 1 ga Fabrairu harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya da hidima, ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100. Wannan shi ne labarin da ya iso kasuwa. Abin da bai iso ba shi ne sauran dokar: cewa kayan abinci na yau da kullum, har da ɗanyen kayan miya, ba a ɗora musu VAT, cewa kamfanin da jimillar cinikinsa a shekara ba ta wuce naira miliyan 25 ba an ɗauke masa harajin riba, cewa wanda ke tsakanin miliyan 25 da miliyan 100 zai biya kashi 20 maimakon kashi 30. Dokar ta kuma ce asusun kasuwanci a banki sai da lambar shaidar mai biyan haraji, wadda ake kira TIN.

Matakin farko da Alhaji ya ɗauka shi ne ya ƙara kashi 7.5 a kan takardar neman biya da yake kai wa otal, bisa shawarar wani maƙwabcinsa a kasuwa. Akantan otal ɗin ya mayar da takardar, ya ce ba a karɓar VAT a kan tumatir, kuma ko da ana karɓa, wanda ba shi da rajista ba shi da hurumin karɓa. Aka yi makonni biyu ana kai-komo kafin a biya shi tsohon farashi.

Duk da haka ƙarin ya same shi ta bayan gida. Leda da buhu da kiret ɗin roba, kayan gyaran mota, katin waya, cajin banki, duk suna ɗauke da VAT, kuma a lokacin mai sayar da kayan da aka keɓe daga harajin ba shi da hanyar karɓo abin da ya biya. Su ma otal-otal ɗin, ban da VAT, suna karɓar harajin kashi 5 na jihar Legas a kan abinci da masauki. Da kuɗin da baƙo ke biya ya yi nauyi, sai suka juyo kan masu kawo musu kaya suna neman ragi.

Ba a gama wannan ba cutar korona ta shigo. Dokar kulle ta fara aiki a Legas a daren 30 ga Maris, ba a sassauta ba sai 4 ga Mayu. An bar motocin abinci su wuce, an bar kasuwannin abinci su buɗe na 'yan sa'o'i, amma otal babu baƙi, ofisoshi babu ma'aikata. Manyan masu sayen nan uku suka tsaya cak, kuma biyu daga cikinsu suna riƙe da kuɗin kayan Fabrairu da Maris. Tattalin arzikin ƙasa ya ragu da kashi 6.1 a zango na biyu na shekarar, ya sake raguwa da kashi 3.62 a na uku, aka shiga koma-baya karo na biyu cikin shekara biyar. Alhaji ya sallami yaro ɗaya, ya sayar da filin da yake da shi a gida don ya biya manoman da suka ba shi kaya bisa amana.

2021: kamfanin aro

Da otal-otal suka dawo aiki, sun dawo da sababbin sharuɗɗa. Ba za su ƙara biyan mutum da sunansa ba, sai mai rajista da lambar TIN. Biya ta banki ne, bayan kwana 30. Farashi kuma a tsayar da shi na wata uku.

A lokacin rajista ba ta yi wuya ba. Sabuwar dokar kamfanoni da aka sa wa hannu a Agustan 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani shi kaɗai, gwamnatin tarayya kuma ta yi shirin yi wa ƙananan 'yan kasuwa 250,000 rajistar sunan kasuwanci kyauta. Alhaji ya ƙi. Dalilinsa shi ne wanda za ka ji a bakin mutane da yawa a kasuwar: wanda ya kai sunansa wurin gwamnati ya kai kansa, daga ranar ba zai sake hutawa da masu haraji ba.

Sai ya bi hanyar da wasu ke bi. Akwai wani mai kamfani da rajista wanda ba ya sayar da komai, sunan kawai yake bayarwa haya. Takardar neman biya ta fita da sunan kamfaninsa, kuɗi su shiga asusunsa, ya cire kashi 2 ya tura wa mai kaya sauran.

A nan ne matsalar da ta fi kowace cin jarin Alhaji ta fara, kuma ya kusa shekara uku bai san sunanta ba. Duk kayan miliyan 1 da ya kai, abin da ke fitowa daga otal naira 950,000 ne. Mai kamfani ya cire 20,000. Ribar 80,000 ta koma 10,000. Alhaji ya ɗauka kashi 5 ɗin nan rabon akanta ne, irin abin da ake bayarwa don a ci gaba da karɓar kayanka, don haka bai taɓa tambaya ba. Yana ganin tambaya za ta iya jawo a ba wani kwangilar.

Ba rabon akanta ba ne. Haraji ne da doka ta ɗora wa mai biya ya cire tun kafin ya biya ɗan kwangila, ya kai wa hukuma da sunan wanda aka cire wa. Ba ƙarin haraji ba ne a kan kansa, kafin alƙalami ne: idan shekara ta ƙare aka lissafa harajin da ke kanka, sai a ɗebe abin da aka riga aka cire. Tsohuwar ƙa'idar ma ta keɓe saye da sayarwa na yau da kullum daga wannan cirewa, amma akantoci da yawa sukan cire a kan duk abin da aka kawo bisa yarjejeniya, don tarar rashin cirewa a kansu take faɗawa. Tun da takardun da sunan kamfanin aro suke fita, duk abin da aka cire daga kayan Alhaji yana taruwa ne a matsayin harajin da mai kamfanin ya biya.

A ƙarshen Fabrairun wannan shekara, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu kayan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na kimanin mako guda. Motoci suka tsaya a Jebba. Cikin koke-kokenta har da shingayen karɓar kuɗi a manyan hanyoyi. An janye yajin aikin a farkon Maris, shingayen kuma suna nan.

2022 zuwa Maris 2023: komawa tsabar kuɗi

A 2022 farashin dizal ya ninka fiye da sau biyu bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren. Manyan motocin da ke ɗauko gwari daga Arewa da dizal suke tafiya, don haka kuɗin mota ya bi shi. Farashin otal kuwa a ɗaure yake na wata uku. Akwai watannin da Alhaji ya kai kaya a ƙasa da yadda suka iso masa.

Ya yanke shawarar rabuwa da otal ɗaya da kamfanin abincin, ya bar otal ɗaya kawai saboda daɗewar hulɗa. Ya mayar da ƙarfinsa rumfa, inda babu takarda, babu cirewa, babu jiran kwana 30. Na wasu watanni abin ya yi kamar ya yi. Ribar kwando ta fi ta otal, sai dai ba ta da tabbas: ranar da motoci suka shigo da yawa farashi ya faɗi, abin da bai fita ba kafin la'asar asara ne.

Sai canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya fito da sababbin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a Disamban 2022, ya sa wa'adin daina karɓar tsofaffi a 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane. Matan da ke saye da asuba ba su da abin biya, tiransifa tana maƙalewa, masu POS suna sayar da naira da naira. Wannan kuma ya faɗo daidai kakar tumatir ɗin rani, lokacin da kaya suka fi yawa. Manomi a Kadawa yana son kuɗi a hannu, direba yana son kuɗi a hannu don shingayen hanya ba sa karɓar tiransifa. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki, Alhaji ya zubar da kwanduna masu yawa a juji. Ya fito daga wannan lokaci da ƙasa da rabin jarin da ya shiga 2022 da shi, da yara biyu a rumfa.

Mayu zuwa Disamba 2023: fetur, hanya, da takardar bogi

A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Cikin kwana biyu lita ta tashi daga wajen naira 185 zuwa 488 a gidajen man NNPC na Legas. A tsakiyar Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Fetur ya shafi ƙananan motocin da ke rarraba kaya cikin gari. Dizal kuma an tabbatar da cewa yana ɗauke da VAT na kashi 7.5, har sai da gwamnati ta dakatar da shi na wata shida a Oktoba, cikin yarjejeniyarta da ƙungiyoyin ƙwadago.

Akwai kuma kuɗin hanya, wanda ya kamata a tsaya a kansa. Motar gwari da ta taso daga Kano tana bi ta Kaduna, ta ratsa jihar Neja zuwa Mokwa da Jebba, ta shiga Ilori, ta wuce Ogbomosho da Oyo da Ibadan kafin ta iso Legas. A kowace jiha akwai masu neman harajin amfanin gona, masu duba sitikar ƙaramar hukuma, 'yan ƙungiya, da masu kaki. Wasu suna ba da rasit, da yawa ba sa bayarwa. Dokar 1998 da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa ta haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji, amma direban da ke ɗauke da tumatir ba shi da lokacin jayayya a kan doka: kowace sa'a da aka tsayar da shi a rana, kwandunan ƙasa suna narkewa. Biya yake yi ya wuce, kuɗin kuma a kan mai kaya suke komawa.

Ganin rumfa ba za ta riƙe shi ba, Alhaji ya nemi komawa wurin kamfanin abincin. Suka ce wannan karon sai da takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekara uku da suka wuce. Wani mutum da ke yawo a kasuwa yana cewa ya san mutane a ofis ya karɓi naira 120,000, ya kawo takarda cikin kwana huɗu. Kamfanin ya duba lambarta a intanet bai same ta ba. Aka rufe maganar kwangila, mutumin kuma wayarsa ta daina shiga.

2024: littafi

A ƙarshen 2023 ɗan ƙanwar Alhaji, wanda ya karanta aikin akanta a wata kwalejin kimiyya da fasaha a Arewa, ya zo Legas bautar ƙasa ya sauka a gidansa. Shi ne ya fara ɗora saƙonnin banki a kan takardun kai kaya, ya ga giɓin.

"Kawu, wannan kashi biyar ɗin ba akanta ke ci ba. Gwamnati ake kai wa."

"To ai shi ke nan, na biya haraji ke nan ban sani ba."

"Ba kai ka biya ba, Kawu. A takarda mai kamfanin ne ya biya. Shekara uku kana biya masa, kana kuma ba shi lada a kai."

Alhaji ya ce a je a karɓo. Yaron ya ce ba za su karɓu ba, don babu wata takarda da ke ɗauke da sunansa. Wannan magana ce ta sauya ra'ayinsa game da rajista, ba wa'azin kowa ba.

Abin da suka yi ba shi da yawa. Sun yi rajistar kamfani a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, lambar TIN ta fito tare da shi. Sun buɗe asusun kamfani dabam, aka daina zuba adashi da saƙon gida a ciki. Sun sayi babban littafi mai layi, kowace rana a rubuta abin da ya shigo, abin da ya fita, da kwandon da ya lalace. Duk wanda ya cire haraji daga kuɗinsu, yaron yana bin sa har sai ya ga an shigar da shi da sunan kamfanin a manhajar TaxPro Max ta hukumar haraji ta tarayya, FIRS. Otal ɗin ya yi wata biyu yana cirewa bai shigar ba, sai da aka rubuta masa wasiƙa.

Kuɗin hanya ya ba su wahala, don abin da babu rasit ba ya shiga lissafin kashe-kashen da hukuma za ta yarda da shi. Mafitar da suka samu ita ce su daina ba direba kuɗin mota dabam, kuɗin hanya dabam. Aka koma yin jinga ɗaya daga gona zuwa Mile 12, a biya ta banki, a ajiye takardar lodi. Kuɗin bai ragu ba, amma yanzu yana da shaida.

Bayan wata uku littafin ya nuna abin da Alhaji bai zata ba. Cirewar kashi 5 tana ciwo, amma ɗaure farashi na wata uku da jiran biya sun fi ta. A shekarar da hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 a watan Yuni, kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta faɗa wa gonakin tumatir farashin kwando ya yi tashin gwauron zabo, wanda ya amince da farashin Afrilu ya kai kaya a Yuni da jarinsa yake ciyar da baƙin otal. Da littafin a hannu suka je wurin manajan saye. Aka koma tsayar da farashi duk mako biyu, biya kuma cikin kwana 14. Manajan ya yarda ne saboda masu kawo masa kaya biyu sun riga sun gudu a wannan damina.

Littafin ya kuma nuna wani abu. Jimillar cinikin 2024 ta kai wajen naira miliyan 42, alhali yawan kwandunan da ya sayar bai kai na 2019 ba. Iyakar miliyan 25 da aka sa a 2020 ba ta motsa ba, farashi ne ya motsa. Don haka kamfanin da aka yi wa rajista da fatan samun rangwamen ƙananan kamfanoni ya tsinci kansa a sahun matsakaita masu biyan kashi 20, tare da harajin ilimi na kashi 3.

A Oktoba gwamnati ta cire VAT daga dizal da iskar gas. Direbobi ba su rage kuɗin mota ba, don a watan ne fetur ya kusa naira 1,000 a Legas, taya da kayan gyara kuma da dala ake shigo da su. A Disamba harajin naira 50 da ake cirewa a kan tiransifar naira 10,000 zuwa sama ya kai ga asusun OPay da Moniepoint da PalmPay, waɗanda yawancin masu sayen rumfa ke amfani da su. An yi ta surutu a kansa a kasuwa. A littafin Alhaji bai wuce naira 1,500 a ranar da ciniki ya yi yawa ba.

2025 zuwa Janairu 2026

Daga 1 ga Janairu 2025 sabuwar ƙa'idar cire haraji kafin biya ta fara aiki sosai. Abin da ake cirewa a kan kawo kaya ya sauko daga kashi 5 zuwa kashi 2. Wanda ba shi da TIN ana ninka masa. Cinikin da aka yi nan take, a biya a ɗauka ba tare da kwangila ba, an keɓe shi. A kowace miliyan 1, naira 30,000 ta dawo hannun Alhaji. Kamfanin abincin, da ya ga takardun gaske, ya dawo da shi. Wani gidan abinci kuma ya zaɓi ya riƙa turo mai sayensa rumfa da safe ya biya nan take, ba a cire komai.

A watan Yuni suka shigar da bayanan shekarar 2024. Daga cinikin miliyan 42, wajen miliyan 30 na otal ne, an cire naira miliyan 1.5. Ribar da ta rage bayan albashi da sauran kashe-kashe kimanin miliyan 3 ce, harajinta naira 600,000. Aka ɗebe shi daga abin da aka riga aka cire, bai ƙara ko kwabo a kansa ba. Harajin ilimi ya kama naira 90,000. Naira 900,000 ta rage a wurin hukuma da sunan kamfaninsa.

A 26 ga Yuni Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokokin haraji huɗu da suka fito daga aikin kwamitin gyaran haraji na Taiwo Oyedele, bayan doguwar taƙaddama da gwamnonin Arewa kan rabon kuɗin VAT. Biyu daga cikinsu sun fara aiki nan take, sauran biyun a 1 ga Janairu 2026. VAT ya tsaya a kashi 7.5. Naira 800,000 ta farko a kuɗin shigar mutum na shekara ba ta da haraji. FIRS ta koma NRS. An ɗaga iyakar ƙananan kamfanoni, cinikin Alhaji kuma ya koma ƙarƙashinta. Gab da sabuwar shekara jita-jita ta cika kasuwa cewa za a riƙa zaftare haraji kai tsaye daga duk kuɗin da ya shiga asusu, wasu suka kwashe kuɗinsu suka koma ajiyewa a rumfa. Alhaji bai taɓa nasa ba. Yaransa sun koma uku. Jarinsa, idan aka auna da yawan kwandon da zai iya saya, bai kai na 2019 ba.

Hukunci

Daga cikin duk sauye-sauyen harajin da aka yi a waɗannan shekaru shida, waɗanda aka fi yi wa ihu, wato ƙarin VAT da naira 50 ta tiransifa, su ne suka fi yi wa wannan mutum ƙaramar illa. Wanda ya ci shi tsoho ne kuma ba a maganarsa. Cire kashi 5 daga jimillar kuɗin kaya, a sana'ar da ribarta ba ta wuce kashi 8 ba, ɗauke fiye da rabin riba ne tun kafin a san ko an ci riba. A shekarar da ya bi doka sau da ƙafa ma, abin da aka cire masa ya ninka harajin ribar da ke kansa sau biyu da rabi. Saukar da shi zuwa kashi 2 gyara ne na gaske, kuma ya zo a makare ga waɗanda jarinsu ya ƙare a 2023.

Dabaru uku da ya gwada, kamfanin aro da komawa tsabar kuɗi da sayen takarda, tushensu ɗaya ne: tsoron kada hukuma ta san shi. Ban ga laifinsa a tsoron ba. Mutumin da duk harajin da ya taɓa gani a rayuwarsa a bakin shinge ake karɓarsa, ba rasit ba bayani, yana da hujjar zaton ofis ma haka yake. Amma ɓuyan bai hana a cire masa ba, ya dai hana a rubuta da sunansa. Rangwamen da dokar 2019 ta kawo, kamfani mai rajista aka yi wa shi, kuma babu wanda ya zo Mile 12 ya bayyana wannan da Hausa ko da Yarabanci a lokacin da ya kamata. Wannan gazawar hukuma ce, da ta shugabannin kasuwa waɗanda ke karɓar kuɗin ƙungiya kowace rana.

Rajista ita kaɗai ba ta ceto shi ba. Abin da ya fi dawo masa da kuɗi shi ne sauya sharaɗin farashi da na biya, kuma bai iya zama gaban manaja ya nemi hakan ba sai da littafi ya nuna masa inda yake zuba. Ya kuma yi sa'ar samun akanta a cikin gida kyauta. Maƙwabtansa da ba su da irin wannan yaro, kuɗin mai lissafi kaɗai zai iya cinye abin da za su tsira da shi.

Abu biyu ba su warware ba. Naira 900,000 ɗin nan tana nan a rubuce, kuma tun da yanzu harajin ribar kamfaninsa ya koma sifili, babu abin da za a ɗebe ta a ciki. Sai dai ya nemi a mayar masa, yaron kuma ya gama bautar ƙasa yana shirin komawa Kano. Kuɗin hanya daga Kadawa zuwa Mile 12 kuwa, wanda a littafin 2025 ya fi duk harajin da ya biya gwamnatin tarayya da ta jiha a haɗe, har yanzu a cikin jingar direba yake.